Komawa Gidan Jiya: Tarihin Fita da Komawa Kurkuku a Khartum, Omdurman da Jabal Auliya

Gabatarwa

Hausawa suna da sunaye da dama na wurin da ake tsare mai laifi, kuma kowanne yana ɗauke da tunanin zamaninsa. Akwai gidan yari, wanda ya samo suna daga Yari, wato mai riƙe da sarautar kula da ɗaurarru a masarautun ƙasar Hausa. Akwai kurkuku da gidan kaso, sai kalmar fursuna wadda aro ce daga Turanci. Na baya-bayan nan shi ne gidan gyaran hali, wanda ya bazu bayan da aka sauya wa hukumar gidajen yarin Nijeriya suna da doka a shekarar 2019. Wannan suna na ƙarshe alkawari ne, domin yana nufin wanda ya shiga zai fito da halin da ya fi na da. To amma sanin kowa ne cewa da yawa daga cikin waɗanda ake saki ba su daɗewa sai a sake ganin su a gaban alƙali. Irin wannan Bahaushe kan kira shi tuban muzuru, ko ya ce an koma gidan jiya.

Wannan maƙala za ta bi tarihin matsalar a babban birnin Sudan, wato Khartum da Omdurman da kuma Jabal Auliya da ke kudu da su. An zaɓi wannan wuri ne saboda dalilai biyu. Na farko, a cikin shekaru ɗari da 'yan kai an gwada kusan kowace dabara a can: mari da sarƙa, aikin ƙarfi, afuwar shugaba, tsauraran hukunci, har da ranar da aka wayi gari ƙofofin kurkuku a buɗe. Na biyu, Sudan ba baƙuwar ƙasa ce ga Bahaushe ba. Hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta ratsa ta, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, inda zuriyar mabiyansa suke har yau.

Kurkukun Sayir da Kobar

Bayan da Mahadi Muhammad Ahmad ya ci Khartum a watan Janairu na 1885, ya rasu cikin wannan shekara, sai Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya mayar da Omdurman fadar mulki. Babban kurkukun Halifa shi ne Sayir, wanda ya ɗauki sunan mai tsaronsa, Idris al-Sayir. Labarinsa ya iso mu ta bakin waɗanda suka zauna a ciki, musamman wani ɗan kasuwa Bajamushe, Charles Neufeld, wanda aka kama a 1887 bai fito ba sai 1898. Ana sa wa ɗaurarru mari a ƙafa, a cusa su cikin ɗakin dutse da dare, abincinsu kuwa galibi sai abin da dangi suka kawo. Manufar wurin ita ce tsarewa da ladabtarwa, musamman ga waɗanda mai mulki ke shakkar biyayyarsu. Mutum yakan fito ne idan Halifa ya yi masa afuwa ko wani babba ya roƙa masa, kuma babu wanda ya ɗora wa kansa tambayar abin da zai zama bayan fitowarsa.

Mulkin Halifa ya faɗi a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba, 1898. A shekarar da ta biyo baya aka kafa mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, aka kuma shimfiɗa kundin dokar laifuffuka wanda aka kwaikwayo daga na Indiya. Da wannan kundi ɗaurin wa'adi ya zama babban hukunci: wata kaza ga laifi kaza, shekara kaza ga laifi kaza. A 1903 aka gina kurkukun Kobar a Khartum ta Arewa, wanda ake danganta sunansa da wani jami'in Ingila mai suna Cooper. Turawa sun ɗauki ɗaurarre a matsayin hannun aiki, kamar yadda suka yi a gidajen yarin En'e na Arewacin Nijeriya, inda fursunoni ke share hanya da ɗaukar kaya. Daga lokacin da ɗauri ya zama mai wa'adi ne matsalar da muke magana a kai ta fito fili, domin duk wanda aka yanka wa wa'adi dole wata rana ya fito, ya koma cikin mutane.

Yana da kyau ɗalibi ya san cewa wannan kundi na Sudan ya iso ƙasar Hausa. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma bisa shawararsu aka tsara kundin Final Kot na Arewa a kan samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. Ke nan tsarin da ke kai ɗan Kano Kurmawa da wanda ke kai ɗan Omdurman Kobar tushensu guda ne.

Gwajin 1983

A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya ayyana sababbin dokoki da sunan shari'ar Musulunci, waɗanda mutanen Sudan ke kira Dokokin Satumba. An haramta giya, aka tuttular da mai yawa cikin Kogin Nilu a gaban jama'a. Domin nuna cewa an buɗe sabon shafi, Numairi ya yi afuwa ga fursunoni kimanin 13,000, tare da gargaɗin cewa wanda ya sake laifi zai gamu da haddi. Tunanin da ke bayan wannan mataki a bayyane yake: a yafe abin da ya wuce, sannan tsoro ya tsare abin da ke gaba. A watan Disamba na shekarar aka fara yanke hannu a Kobar, kuma bayan dokar ta-ɓaci ta Afrilun 1984 aka kafa kotunan gaggawa masu yanke hukunci ba tare da jinkiri ba.

Sai dai an saki waɗannan dubban mutane ne cikin ƙasar da tattalin arzikinta ya durƙushe. A 1984 da 1985 fari da yunwa suka afka wa Kurdufan da Darfur, jama'a suka kwararo zuwa gefen Omdurman suna neman abin sawa a baki. Gwamnati ta yi iƙirarin laifi ya ragu, amma kotunan gaggawa ba su rasa waɗanda za su hukunta ba, kuma akasarin waɗanda hukuncin ya faɗa wa talakawa ne da baƙin birni. Sadiƙ al-Mahadi ya soki yadda ake aiwatar da dokokin, aka tsare shi. Masu suka daga cikin malamai sun tunatar da cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Wanda aka yanke wa hannu kuwa ya fito da tambarin da ba ya ɓoyuwa: ba ya iya noma ko dako yadda ya saba, kuma duk inda ya nemi aiki an riga an san tarihinsa. A watan Afrilu na 1985 boren jama'a ya kawo ƙarshen mulkin Numairi, taron mutane suka nufi Kobar suka fito da fursunonin siyasa. Abin da wannan zamani ya koyar shi ne afuwa da tsoro, ko da an haɗa su, ba su isa su tsayar da mutumin da ya fito bai tarar da abinci ko sana'a ba.

Jabal Auliya da matan Omdurman

Jabal Auliya gari ne a bakin Farin Nilu, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum. An san shi da madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1933 da 1937 domin amfanin Masar, wadda aka miƙa wa Sudan a 1977. A farkon shekarun 1990 ya sami wani suna na daban. Yaƙin basasar kudu, wanda ya sake ɓarkewa a 1983, ya koro ɗimbin mutane daga kudanci da duwatsun Nuba zuwa babban birni, suka kakkafa bukkoki a gefensa. Gwamnatin Umar al-Bashir, wadda ta karɓi mulki a 1989, ta rusa da yawa daga cikin waɗannan unguwanni, ta kwashe mazaunansu zuwa sansanoni huɗu: Jabal Auliya, Mayo, Wad al-Bashir da kuma As-Salam, wanda mazaunansa suka laƙaba wa suna Jabarona, wato "an tilasta mana".

Sansanonin suna nesa da inda ake samun aiki, kuɗin mota kaɗai kan cinye ladan yini. Gidaje da yawa mata ne ke riƙe da su, domin mazan sun mutu a yaƙi ko sun watsu neman abinci. Sana'o'in da suka rage wa mace su ne wankau da aikatau a gidajen birni, sayar da shayi a bakin titi, ko dafa giya: marisa ta dawa, mai kama da burkutu, da araƙi na dabino. Ga da yawa daga cikin matan kudu, waɗanda ba Musulmi ba ne, dafa marisa al'ada ce da suka taso da ita, kuma ita ce sana'ar da ake yi a cikin gida ana duba yara. Amma kundin laifuffuka na 1991 ya haramta sarrafa giya da sayar da ita, sannan dokar kiyaye tarbiyyar jama'a ta Jihar Khartum ta 1996 ta zo da 'yan sanda da kotuna na musamman.

Ga yadda abin yake juyawa. 'Yan sanda su kai samame, wanda a can ake kira kasha, su kama mace, su ƙwace tukwane da kayan aikinta. Kotu ta yanke mata bulala ko tara ko ɗauri cikin ɗan lokaci, galibi ba lauya. Idan ba ta da kuɗin tara, sai kurkukun mata na Omdurman, wanda hukuma ke kira Darut Ta'ibat, gidan masu tuba. Jariri ya bi uwarsa ciki, manyan yara su zauna hannun maƙwabta ko su faɗa titi. Bayan watanni ta fito, ta tarar jarinta ya tafi, ga bashin da dangi suka ci domin biyan tara ko ciyar da yara. Ba ta koyi wata sana'a a ciki ba, sansanin kuma yana nan yadda ta bar shi. Hanya mafi sauri ta biyan bashin ita ce tukunyar da ta kai ta kurkuku. Shekara da shekaru rahotannin masu kare haƙƙin ɗan Adam suna nuna cewa akasarin matan da ke wannan kurkuku laifin giya ne ya kai su, kuma yawansu ya zarce adadin da aka gina wurin dominsa nesa ba kusa ba.

Sau da yawa an yi afuwa an saki ɗaruruwan mata a lokaci guda, musamman bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005, wadda ta tanadi hukumar kare haƙƙin waɗanda ba Musulmi ba a babban birni. Ba a jimawa ɗakunan su sake cika. Babu mai musun illar araƙi ga masu shansa da iyalansu, kuma doka ta fito ne da nufin kawar da shi. Abin lura shi ne ɗauri bai cim ma wannan nufi ba, sai ma ya ƙara wa mai laifin talaucin da ya jefa ta cikin laifin tun farko. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. An soke dokar kiyaye tarbiyyar jama'a a watan Nuwamba na 2019, sannan a watan Yuli na 2020 aka sassauta haramcin giya ga waɗanda ba Musulmi ba.

Ɗaurin bashi

Wani rukunin mazauna kurkukun Sudan su ne waɗanda bashi ya kai. Sashe na 179 na kundin 1991 ya mayar da ba da cakin banki marar kuɗi laifi, kuma kotu kan yi umurni mutum ya ci gaba da zama a tsare har sai ya biya. Manoma da ƙananan 'yan kasuwa da dama sun shafe shekaru a haka. Matsalar a fili take: wanda ke tsare ba ya neman kuɗi, bashin kuwa ba ya raguwa. Hukumar Zakka ta Sudan takan biya wa wasu su fito, tun da masu bashi suna cikin waɗanda shari'a ta ba rabon zakka, amma mai fita ba jari yakan sake cin wani bashin.

Tarihin Awadiya Mahmud Koko ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Mai sayar da shayi ce, 'yar asalin duwatsun Nuba, wadda ta haɗa kan mata masu shayi da abinci a Khartum cikin ƙungiyar gama kai domin su kare kansu daga samame da ƙwace kaya. Ita ma ta yi shekara huɗu a kurkuku saboda bashi. Da ta fito ta tarar da ƙungiya da sana'a da mutanen da suka san darajarta, ta koma jagorancin dubban mata, har gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabon jarumtar mata a 2016. Bambancin da ke tsakaninta da matar sansanin Jabal Auliya yana ga abin da kowace ta tarar a bakin ƙofa.

Ranar da ƙofofi suka buɗe

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Kafin watan ya ƙare, Kobar da Al-Huda da Soba da kurkukun mata na Omdurman duk sun zama wayam, ɓangarorin biyu suna zargin juna da buɗe su. Dubban mutane suka fita a lokaci guda: mai jiran shari'a, mai bashi, mai kisan kai, har da manyan jami'an tsohuwar gwamnati irin su Ahmad Harun. Sun fito cikin birnin da ba 'yan sanda, ba kotu, ba kasuwa, inda bindiga ta zama hanyar cin abinci mafi sauƙi. Jabal Auliya ya faɗa hannun RSF a watan Nuwamba na 2023, kuma ta kan gadar madatsarsa mayaƙanta suka janye daga Khartum a watan Maris na 2025. Duk gwamnatin da za ta sake gina birnin za ta gaji wannan aiki: tantance wanda ya wajaba ya koma ya ƙarasa wa'adinsa, da wanda tun farko bai kamata a ɗaure ba.

Abin da ke rage komawa

Binciken wasu ƙasashe ya ƙarfafa abin da tarihin Khartum ya nuna. A Amurka, inda ɗauri ke da yawa da tsawo, an bi diddigin fursunonin da aka saki a jihohi 30 a shekarar 2005, aka tarar kashi 68 cikin ɗari an sake kama su cikin shekara uku, kashi 83 cikin shekara tara. A Norwe, inda ake tafiyar da kurkuku kamar makarantar shirin komawa gari, kimanin kashi 20 cikin ɗari ne ke sake samun hukunci cikin shekara biyu. Ma'aunan biyu sun bambanta, arzikin ƙasashen ma ba irin namu ba ne, amma alƙiblar ɗaya ce. Haka nan binciken cibiyar RAND na 2013 ya gano cewa fursunonin da suka yi karatu a tsare sun fi sauran kuɓuta daga komawa da tazara mai yawa. Daga nan za a iya tsamo matakai biyar.

Na farko, a rage masu shiga. Mai ƙaramin laifi da aka cusa ɗaki guda da riƙaƙƙen ɓarawo yakan fito da ilimin da bai shiga da shi ba, ga kuma abokai sababbi. Ƙa'idojin Tokiyo na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun yi kira ga hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sa ido, kuma dokar Nijeriya ta 2019 ta tanade su. A Nijeriya kusan kashi biyu cikin uku na mazauna kurkuku jiran shari'a suke yi, don haka hanzarta shari'a kaɗai gyara ne babba.

Na biyu, a daina mayar da talauci ɗauri. Tara da bashi su kasance gwargwadon ƙarfin mutum, a ba shi damar biya kaɗan-kaɗan yana waje yana nema. Kuɗin zakka da waƙafi da ake fito da masu bashi da su za su fi amfani idan an haɗa da ɗan jari.

Na uku, wa'adin ɗauri ya zama lokacin koyo. Sana'ar da za a koyar ta zama wadda kasuwa ke nema, a kuma ba mutum kayan aiki ranar fita, domin tela ba keke sunansa marar aiki. Jami'ar karatu daga gida ta Nijeriya tana da cibiyoyi a wasu gidajen gyaran hali inda ɗaurarru ke karatu kyauta, abin da ya cancanci faɗaɗawa. Masu shaye-shaye kuma suna buƙatar magani kafin su fito.

Na huɗu, a kiyaye igiyar iyali. Ƙa'idojin Bankok na 2010 sun nemi a guji ɗaure mata masu ciki da masu ƙananan yara idan laifin ba babba ba ne, Ƙa'idojin Mandela na 2015 kuma sun jaddada ziyara da shirin komawa gida tun daga farkon wa'adi. Yaron da uwarsa ta tafi Omdurman ya faɗa titi shi ne ɗan kurkukun gobe.

Na biyar, al'umma ta karɓi wanda ya fito. Mutanen Sudan suna da al'adar judiyya, inda dattawa masu sulhu, ajawid, ke zaunar da mai laifi da wanda aka cuta har a biya diyya a yafe. Ƙasar Hausa ma tana da irinta a zauren mai unguwa da na liman. Wanda aka sulhunta da waɗanda ya cuta yana da fuskar komawa unguwarsa. Wanda aka hana aiki da aure da gaisuwa kuwa, ba shi da sauran majalisa sai ta tsofaffin abokan ɗaki.

Kammalawa

Wannan bayani ba ya ɗauke wa mai laifi nauyin abin da ya aikata, kuma akwai mutanen da tsare su wajibi ne domin kare rayuka da dukiyoyi. Amma karin maganar nan ta hali zanen dutse ba ta isa ta bayyana dalilin da ya sa ɗakunan Omdurman suke sake cika bayan kowace afuwa ba. Daga Sayir zuwa Kobar, daga fursunonin 1983 zuwa matan Jabal Auliya, hukumomi sun fi ba da ƙarfi ga yadda za a shigar da mutum da yadda za a tsare shi, suka bar ranar fitarsa ga sa'a. Tun da dokokinmu da nasu tushe guda suka fito, ya dace mai nazari ya ɗauki wannan ma'auni ya auna Kurmawa da sauran gidajen gyaran halin ƙasar Hausa, ya tambayi mutum nawa ne suka fito bara, nawa ne suka sami abin yi, nawa ne kuma suka riga suka koma.